Araha ba ta ado: abin da lissafin kanti ya yi wa makarantar gwamnati

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin ofisoshin Yamai da zaurukan taron masu ba da lamuni, har ta gangaro cikin kasuwa. Cewa ake yi makarantar gwamnati ba za ta gyaru ba sai an tafiyar da ita yadda ake tafiyar da kamfani. A ƙididdige abin da kowane yaro yake ci wa baitulmali, a rage tsadar malami, a ɗauki ma'aikaci bisa kwantaragi domin a iya sallamarsa ba tare da dogon zance ba, a biya kowa gwargwadon sakamakon da ya kawo, in ta kama ma a miƙa makarantun ga ƴan kasuwa su riƙe. Maganar tana da daɗin ji, balle ga uban da ɗansa ya shekara shida yana zuwa lakwal amma har yanzu in wasiƙa ta zo gida sai an nemo maƙwabci.

Abin da masu wannan magana ba su cika faɗa ba shi ne, Nijar ta riga ta gwada rabinta, kuma gwajin ya haura shekaru 30. Sauran rabin, wasu ƙasashe sun gwada mana shi. Ke nan abin da ya rage mana shi ne mu buɗe littafin ciniki, mu ga abin da aka zuba da abin da ya dawo. Alƙalan da suka fi cancanta su duba littafin nan su biyu ne: ƴan kasuwa, tunda sunansu aka ara aka yi aikin, da ma'aikatan gwamnati, tunda da hannunsu aka yi shi. Ra'ayina kuwa a fili yake. Abin da aka kira dabarar kasuwa a makarantunmu neman araha ne kawai, kuma babu wani alhaji na Maraɗi ko na kasuwar Dole da zai yarda a tafiyar masa da dukiya haka.

Yadda aka faro

A shekarun 1970 yuraniyom na Arlit ya cika aljihun gwamnati, aka gina makarantu, aka ɗauki ma'aikata. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai bashi ya yi wa ƙasa katutu, kuma tun daga 1983 gwamnatin Seini Kunce ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, daga baya da Bankin Duniya. Masanan waɗannan gidajen kuɗi suka duba kasafin ilimi da idon mai binciken littafin kanti. Suka ga albashin malamai ne ke cinye mafi yawan kuɗin, wani kaso mai tsoka kuma yana tafiya ga alawus ɗin ɗalibai, alhali yaran da ke zuwa firamare ba su kai ɗaya cikin uku ba. Maganin da suka rubuta bai wuce wannan ba: a taƙaita ɗaukar ma'aikata, a rage alawus, kuma a birane a raba yaran aji gida biyu, wasu da safe wasu da marece, malami ɗaya, ɗaki ɗaya.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka taso daga jami'ar Yamai za su tsallaka gadar Kennedy domin nuna ƙin amincewarsu da wannan tsuke bakin aljihu. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Jinin nan yana cikin abubuwan da suka tilasta wa gwamnatin Ali Saibu amincewa da jam'iyyu da yawa, har aka kai ga Taron Ƙasa na 1991. Yana da kyau mu riƙa tunawa cewa gardamar kuɗin makaranta tana cikin tushen demokaraɗiyyar da aka samu a wancan lokaci. Sai dai siyasa ta sauya, baitulmali bai sauya ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashin ma'aikata ya taru wata da watanni ba a biya ba, yajin aiki ya bi yajin aiki, shekarun karatu suka salwanta.

A cikin wannan hali ne aka kafa dokar 1 ga Yuni 1998 wadda ta shata alƙiblar ilimin ƙasa, kuma a shekarar aka fara ɗaukar waɗanda aka kira masu aikin sa-kai na ilimi, hanyar da Senegal ta buɗe tun 1995. A samu matashi mai takardar BEPC ko wadda ta fi ta, a ba shi alli, a tura shi ƙauye, a ƙarshen wata a ba shi ɗan abin da bai kai rabin albashin cikakken malamin gwamnati ba, kuma babu matsayi, babu ƙarin girma. Daga baya suna ya koma malaman kwantaragi, amma lissafin yana nan yadda yake: da kuɗin malami ɗaya a buɗe aji biyu ko uku.

A 2002 masu ba da tallafi suka mayar da lissafin ƙa'ida. A shirin gaggauta ilimi ga kowa, wanda Bankin Duniya ya jagoranta, kuma Nijar ta kasance cikin ƙasashen farko da aka karɓa, an tsayar da ma'auni: malami ɗaya ga yara 40, albashinsa na shekara kuma ya tsaya wajen ninki 3 da rabi na rabon kowane ɗan ƙasa, wato abin da zai faɗa wa kowa in an raba dukiyar da ƙasa ta samar a shekara da yawan jama'arta. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan ma'auni. A ƙasar da rabin jama'arta yara ne da ba su kai shekara 15 ba, mafi yawan manyanta kuma manoma ne masu ci daga rumbu, rabon kowane mutum ɗan kaɗan ne ƙwarai. Malami kuwa a kasuwa yake awo. Buhun shinkafa da kuɗin haya da takardar magani ba su san wannan rabo ba. Ashe an ɗaure albashin malami a jikin talaucin ƙasa, sannan aka ce ya koyar da yaran da za su fitar da ita daga talaucin. Da wannan ma'auni a aljihu aka shiga shirin shekaru goma na raya ilimi, PDDE, a 2003.

Ribar da aka ci

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta ko da ba ta yi wa mai gardama daɗi ba: tsarin ya buɗe ƙofa. A shekarar 2000 yaran da ke firamare kusan ɗaya cikin uku ne na waɗanda suka isa shiga. Kafin PDDE ya ƙare, adadin ya haura 7 cikin 10. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin mushe ba suka gan shi, ƴan mata dubbai da a da sai daka da ɗiban ruwa suka zauna a aji. Da an ce sai an jira kuɗin ɗaukar cikakken malami ga kowane aji, da yawancin waɗannan yara ba su taɓa riƙe alli ba. Duk wanda ya musanta haka siyasa yake yi. Kuma a cikin malaman kwantaragin nan akwai maza da mata da suka yi aikin da ya fi ƙarfin abin da ake ba su, a garuruwan da ma'aikaci mai matsayi yake neman hanya kada a tura shi.

Amma ɗan kasuwa ba ya ƙirga riba da yawan mutanen da suka shigo shago. Sai ya rufe ƙofa da dare ya ƙirga abin da ke cikin akwati.

Faɗuwar da ba a rubuta ba

A 2014 binciken PASEC, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu aiki da Faransanci ke gudanarwa, ya auna yaran ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe 10 na Afirka. Nijar ce ta zo ta ƙarshe. A cikin kowane yara 100 da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 ba, lissafi ma haka. A zagayen 2019 an farfaɗo, aka kai kusan 30 cikin 100 a karatu. Madalla da wannan ci gaba, sai dai ma'anarsa ita ce har a lokacin yara 70 cikin 100 suna fita bayan shekara shida ba su riƙo abin da aka aike su nema ba. In lissafin kasuwa ake so, ga shi nan. A ɗauki kuɗin da aka kashe wa yara 100, a raba su da yara 10 ko 30 da suka koyi karatu. A nan ne za a ga karatun arahan nan ya fi kowane karatu tsada.

A waɗannan shekaru kusan 8 cikin 10 na malaman firamare ƴan kwantaragi ne. Abin da aka kawo domin toshe ɓaraka shi ya zama ginshiƙin gida. A Yulin 2017 ma'aikatar ilimin firamare, ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé, ta yi wa malaman kwantaragi sama da 50,000 jarrabawa duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu maki 10 bisa 20 ko fiye. Aka yi ta salati, aka sallami wasu, aka ce za a sake horar da wasu. A fada da wuraren shan shayi malamai sun sha zagi, amma tambayar da ta fi muhimmanci ba a cika yin ta ba: wa ya ɗauke su? Malamin da ya kasa lissafin ajin da yake koyarwa ai ba ta katanga ya shiga makaranta ba. Wani ofis ne ya karɓi takardunsa, wani ya sa hannu, wani ya tura shi, wasu kuma suka shekara da shekaru ba su leƙa ajinsa ba. In dillali ya kawo wa alhaji buhu 100 na hatsi, alhaji bai soki ko ɗaya ya duba ba, bayan shekara ya tarar biyu bisa uku ƙaiƙayi ne, wa kasuwa za ta yi wa dariya? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sannan a duba yadda aka riƙe su. An daɗe kuɗin ɗan kwantaragi ba su da ranar zuwa. Ya ci bashi wurin mai tebur har kunya ta hana shi bin hanyar, in labarin biya ya iso ya rufe aji ya hau mota zuwa babban gari ya bi layi, yara suna zaune suna jira. Kowane jinkiri yajin aiki yake haifarwa, kowane yajin aiki kuma makonni yake cirewa daga shekarar karatu. Wanda ya fi ƙwazo shi ne farkon tafiya: da zarar ya samu aikin furoje ko ya ci jarrabawar shiga wani aikin gwamnati sai ya ajiye alli. Tsarin da ke barin na ƙwarai su tafi, ya riƙe wanda ba shi da wurin zuwa, ko a shagon gishiri ba ya kai mai shi ga riba.

Arahar ba ta tsaya ga malami ba, ta kai ga ɗakin karatu. A takardar ƙididdiga rumfar zana da kara aji ce, daidai da ginin siminti. A rubuta aji ɗaya, a aika wa masu tallafi. A 2021 hukumomi da kansu sun ce irin waɗannan rumfuna sun kai kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara, ruwan farko kuma ya watsa su, saboda haka shekarar karatu takan rasa kai da wutsiya. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba ta wannan shekara, a Maraɗi, wata gobarar ta ci yara aƙalla 25. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Wannan hasara ba ta da layi a littafin da ake rubuta abin da yaro yake ci wa baitulmali.

Rabin da wasu suka gwada mana

Masu kare tsarin za su ce laifinmu shi ne mun tsaya rabin hanya. Da an biya malami gwargwadon makin yaransa, da an bar kamfanoni sun riƙe makarantu, da an ga aiki. Tunda waɗannan biyun ba su zama manufar ƙasa a nan ba, sai mu leƙa inda aka gwada su.

Biya bisa sakamako tsohon yayi ne. A 1862 Ingila ta ɗaure tallafin da gwamnati ke ba makaranta ga yawan yaran da suka ci gwajin sufeto a karatu da rubutu da lissafi. Malamai suka koma sa yara haddar abin da sufeto zai tambaya, kuma kafin ƙarnin ya ƙare aka yi watsi da tsarin. Amurka ta sake ɗauko shi da sabuwar riga a 2002, lokacin da shugaba George W. Bush ya sa hannu bisa dokar da ta rataya makomar makaranta ga makin jarrabawar shekara-shekara. A birnin Atlanta maki ya yi ta hawa, har shugabar makarantun birnin ta samu lambar yabo ta ƙasa a 2009. A 2011 binciken gwamnatin jihar Jojiya ya gano malamai da daraktoci 178 a makarantu 44 da hannu cikin maguɗin jarrabawa, ciki har da goge amsoshin yara a gyara musu. A 2015 kotu ta samu 11 da laifi. In haka ta faru a ƙasar da ke da masu bincike da alƙalai wadatattu, mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru a inda sufeto ba shi da man babur. Ka ce wa mai awo ladansa ya dogara ga yawan tiyar da ya auna, ka ga yadda tiya za ta ƙanƙance.

Miƙa makarantu ga kamfanoni kuwa a nan yammacin Afirka aka gwada shi. A 2016 gwamnatin Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya ta danƙa makarantun gwamnati 93 a hannun kamfanoni da ƙungiyoyi 8. Karatu ya ci gaba kyauta, gwamnati ke biyan malamai. Masu bincike masu zaman kansu sun tarar yaran waɗannan makarantu sun ɗan fi takwarorinsu koyo, kuma wannan ma a faɗe shi. Amma bisa dalar Amurka 50 da gwamnati ke kashe wa yaro a shekara, an ƙara wa makarantun wasu 50, wasu daga cikin kamfanonin ma sun kashe ninkin ba ninkin haka daga aljihun masu tallafa musu. Ɗaya daga cikinsu kuma ya rage cunkoso ta hanyar mayar da yaran da suka yi wa aji yawa, ya kuma mayar wa gwamnati malaman da bai so. Wato ya yi abin da kowane ɗan kasuwa yake yi: ya zaɓi kaya. Yaran da aka mayar da malaman da aka ƙi, duk wuyan gwamnati suka koma.

Inda kanti da makaranta suka rabu

A wannan zaɓen kaya ne hanya ta rabu. Mai sarin albasa a Galmi yana ware wadda ta fara ruɓewa ya bar ta a gona, kuma babu mai ganin laifinsa. Makarantar gwamnati ba ta da wannan izini. Ɗan makiyayin da zai ɓace wata biyu ya bi dabbobi, da marayan da ya zo bai karya kumallo ba, da yaron da kunnensa ba ya ji sosai, da yarinyar da ake shirin cirewa a yi mata aure, duk nata ne. Su ne suka fi tsada, su ne suke ja da maki baya, kuma dominsu aka gina ta. Ranar da ta fara zaɓe, ranar ta daina zama ta gwamnati.

Abu na biyu lokaci ne. Ɗan kasuwa yana ganin ribarsa a tashin kasuwa, in ta yi nisa a ƙarshen kaka. Ribar karatu sai bayan shekara 15 ko 20, sa'ad da yarinyar nan ta zama uwa mai karanta takardar maganin ɗanta, yaron nan ya zama mai shagon da ba a cutar sa a takardar duwan. Furoje kuwa shekara 3 ne ko 5, minista ma sau da yawa ba ya kai haka a kujera. Kowa yana neman adadin da zai nuna kafin ya tashi, adadin da ya fi sauƙin samu kuwa shi ne na yaran da aka rubuta suna.

Abu na uku mai saye ne. A kasuwa in mai shago ya cuce ka sai ka wuce shago na gaba, tsoron haka ne ke gyara shi. A ƙauyen da ke da makaranta ɗaya, ina shago na gaba? Gasar da ake ta yabo sai a birni, a birnin ma sai ga mai kuɗi. A nan ne maganar ta zo kanmu, mu ƴan boko masu albashi. Tsakaninmu da Allah, a cikin masu tsara manufofin makarantar gwamnati, mutum nawa ne ƴaƴansu ke zaune a cikinta? Mai shago yana kula da shagonsa domin in ya faɗi shi ne zai kwana da yunwa. Wanda ya tsara araha ga ɗan talaka alhali nasa ɗan yana makarantar kuɗi, faɗuwa ba ta taɓa shi. Cinikin da mai yanke shawara ba ya ɗaukar hasararsa, a kasuwa sunansa wasa da dukiyar mutane.

Abin da ya kamata a aro daga kasuwa

Kada a ɗauka cewa nake yi makaranta ba ta bukatar lissafi. Malamin da ke karɓar albashi ba ya zuwa aji, littattafan kyauta da ake tsinta a kan teburin masu sayarwa, ajin da aka biya ɗan kwangila bai gina ba, duk ɓarna ce, kuma kasuwa tana da darussa game da ita. Sai dai darussan da suka fi amfani su ne aka bari ba a ɗauko ba.

Na farko, cika alkawari. Attajiri mai mutunci ba ya barin ɗan dako ya kwana bai karɓi haƙƙinsa ba, domin ya san gobe zai sake neman sa. A tsayar wa malami ranar biya ɗaya a wata, kada ta motsa. Yau da kuɗi ke tafiya ta wayar salula, babu dalilin da zai sa malamin ƙauye ya rufe aji domin bin layi.

Na biyu, horo. Babu alhajin da ke miƙa makullin shago ga yaron da ya zo jiya. Yaron shago yakan shekara da shekaru a gindin ubangidansa, ya koyi awo, ya koyi mutane, a aike shi kusa kafin a aike shi nesa, in ya nuna amana a yi masa aure a ba shi jari. Da wannan alkawari na gobe ake riƙe shi. Haka ya kamata kwantaragin malami ya zama: a tace mai shiga tun daga ƙofar makarantar horon malamai, a horar da shi sosai, kuma a rubuta a fili bayan shekara nawa, da wace jarrabawa, zai zama cikakken ma'aikaci. Kwantaragin da ba shi da ƙarshe zaman jira ne, mai zaman jira kuwa idonsa yana kan hanya.

Na uku, leƙa shago. Ubangida ba ya jiran shekara goma kafin ya ƙirga kaya. Man babur ɗin sufeto da na masu ba malamai shawara yana cikin kuɗi mafi ƙanƙanta a kasafin ilimi, kuma shi ake fara yankewa. A auna yara a kai a kai domin a gano wanda aka bari a baya a taimake shi, kada a mayar da awon bulalar dukan malami. A kuma kai malamai mafi ƙwarewa azuzuwan farko, a fara wa yaro karatu da harshen da yake ji a gida. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ba yau muka san hanyar ba.

Na huɗu, littafi a buɗe. A 2004 aka faro wani aiki a jihar Tawa tare da hukumar haɗin gwiwa ta Japan, inda iyaye ke zaɓen kwamitin kula da makaranta, COGES, ta hanyar ƙuri'ar sirri, su zauna su tsara abin da za a yi a shekara. Daga baya aka yaɗa shi ko'ina cikin ƙasa. Wannan hanya ce mai kyau muddin ba a mayar da kwamitin mai karɓar kuɗin alli da kara daga talakawa, gwamnati ta zare hannunta ba. A liƙa a bangon kowace makaranta abin da gwamnati ta aiko, kuɗi ne ko littattafai ko tebura, da sunayen malaman da ake biya da sunanta. Iyaye ko ba su yi boko ba sun iya ƙirga.

Za a ce duk wannan kuɗi ne, kuma ƙasa ba ta da su. Gaskiya ne jama'armu na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, gaskiya ne matsalar tsaro ta ci kaso mai yawa na kasafi tun tsakiyar shekarun 2010, ta kuma rufe makarantu a Tilaberi da Difa. Babu mai cewa a rufe ƙofa ga yaro ko ɗaya. Amma mafi yawan abin da aka lissafa a sama tsari yake bukata kafin kuɗi, kuma talauci ba hujja ba ce ta rubuta littafin ƙarya. Mai ƙaramin jari ya fi kowa bukatar sanin gaskiyar abin da ke cikin akwatinsa. Duk rahoton da zai faɗi yawan yaran da suka shiga makaranta, to, ya faɗi a gefensa yawan waɗanda suka iya karatu, jiha jiha, kowace shekara, a karanta shi a rediyo da harsunan ƙasa.

Saboda haka, ƴan uwa ƴan kasuwa da ma'aikata, duk ranar da wani ya sake zuwa da takarda yana cewa a tafiyar da makaranta kamar kamfani, ɗan ƙasa ne ko baƙo, a yi masa tambayoyin da ake yi wa duk mai neman a haɗa jari da shi. In ciniki ya faɗi, wa zai ɗauki hasara? Yaron da ya fi wahalar koyarwa, ina za a kai shi? Wace rana malami zai karɓi haƙƙinsa? Bayan shekara shida, yara nawa cikin 100 za su karanta wa iyayensu wasiƙa? In ya amsa, a zauna a saurare shi da kyau. In ya fara kame-kame, a ba shi amsar da mai kaya yake ba wanda tayinsa bai kai ba: albarka.